Lasifikar Hagu Ta Yi Shiru

Saura minti arba'in a fara taro Gwaggo ta ritsa Auta a ofishin zauren, ta turo ƙofa ta jingina da ita kamar wadda ke tsoron a tsere mata.

"Yau dai za ki ba ni amsa. Na gaji da zirga-zirga tsakaninki da mahaifinki."

"Gwaggo, don Allah ki bari a tashi. Mutum ɗari uku ke tafe."

"Ko dubu uku ne. Iyayen Dakta sun ce ranar Asabar suna nan zuwa. Yaro likita, ɗan aminin mahaifinki, shekara guda yana sintiri a ƙofar gidanmu, ke kuma kin liƙe wa mai kiɗa."

"Ba mai kiɗa ba ne, Gwaggo. Injiniyan sauti ne."

"To, mai ja wa masu kiɗa waya. Na gyara?" Gwaggo ta taɓe baki. "Shekararki ashirin da bakwai, ba wanda zai yi miki dole. Amma in yana sonki ɗin, ina yake? Kwana tara rabon da in ga ƙeyarsa. Sai ɗazu da na wuce shi a matakala, na yi masa magana har sau biyu, ko waiwayowa bai yi ba. Wannan ne surukin da za ki kawo mana?"

A nan kam Gwaggo ba ta yi ƙarya ba.

Shekara uku ke nan Injiniya yana kula da sautin zauren taron da Baba ya gina bayan ya ajiye aikin koyarwa, ita kuma take tafiyar da ofis. A nan suka saba. Da maganar ta isa gida, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, cewa ya yi a bar shi ya duba. Wata biyar yana dubawa. Sai ga shi kwana tara da suka wuce Injiniya ya ɗauke ƙafa. In ta kira ba ya ɗauka, in ta tura saƙo sai ya amsa da kalma biyu, "Ina aiki."

Yau kuma tsofaffin ɗaliban Baba ne suka shirya taron karrama shi, a zaurensa, a gaban abokansa.

Ta zame ta gefen Gwaggo ta fita.

An gama jera fararen kujeru, mata biyu suna gyara furanni a gaban dandamali, wani kiɗa mai taushi na gwaji yana tashi. Tana cikin ratsa tsakiyar zauren ta tsaya cak. Kiɗan daga dama kaɗai yake zuwa. Ta matsa kusa da babbar lasifikar hagu, ta ɗora tafin hannunta a jikinta. Ko motsi.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗan ɗakin sauti da ke can baya, a saman matakala. Ta hango shi ta taga, ya sunkuya a kan miksa, na'urar nan mai tarin maɓallai da duk makirfo ke shiga cikinta kafin sauti ya fita zuwa lasifika. Hankalinsa kwance, kamar komai lafiya.

Ta hau. Ƙofar ɗakin ta hagunsa take, a nan ta tsaya. Ganin yadda ya rame ya sa maganar lasifika ta fice mata daga kai.

"Ranar Asabar za su zo," ta ce a hankali. "Baba yana son amsata yau. Ka ce mini wani abu, ko mene ne."

Bai ɗago ba. Yana ta murɗa wani ɗan maɓalli.

"Injiniya, da kai nake. In ka fasa ne ka faɗa mini da bakinka."

Shiru.

Ta daki tebur da tafin hannu har biro ya faɗo ƙasa. Ya zabura ya juyo gaba ɗaya.

"Manaja! Yaushe kika shigo?"

"Yaushe na shigo?"

"Yi haƙuri, hankalina yana kan aikin nan. Me kika ce?"

Ta dube shi. Wasa yake mata da hankali ko kuwa wulaƙanci ne? Ta haɗiye abin da ta yi niyyar maimaitawa, ba za ta roƙi mutum sau uku ba.

"Lasifikar hagu ba ta magana."

"Hagu?" Ya leƙa zauren, ya karkata kai kamar mai neman wani abu da ya ɓace. "Kin tabbata?"

"Kai da kake jin kukan fanka a makirfo tun daga bakin titi, ni kake tambaya?"

Ya jawo kujera gefe, ya nuna mata layi biyu na 'yan fitilu kore da ke tsalle a saman miksar.

"Kin ga waɗannan? Hagu da dama duk suna motsi. Ke nan sauti yana nan a ciki, a hanya yake ɓacewa. Ko dai ƙofar da yake fita ce, ko waya, ko amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, ko ita lasifikar."

"Nawa za ka bincika a minti talatin?"

"Duka."

Ya rage sauti, ya zagaya bayan miksar ya durƙusa. Ya zare wayar hagu da ta dama, ya musanya musu gurbi, ya miƙo hannu ya ƙara sauti.

"Yanzu wacce ke magana?"

"Kai ba ka da kunne ne?"

Da zafi ta faɗa, amma ba ta zaci za ta ga fuskarsa ta yi haka ba. Kamar ta watsa masa ruwan sanyi. Ya sunkuyar da kai yana kallon wayar da ke hannunsa.

"Ki dai faɗa mini, don Allah."

Ta leƙa ta taga ta saurara. "Hagu ta dawo. Dama ce ta ɗauke."

"Alhamdu lillahi. To waya lafiya, amfilifaya lafiya, lasifika ma lafiya. Duk wayar da na sa a ƙofar hagu ta miksa, ita ke mutuwa. Ƙofar ce."

Ya kama bakin wayar ya ɗan girgiza shi a cikin soket. Wata ƙara ta tsage zauren kamar an yaga ƙyalle a cikin kunne. Masu furanni suka toshe kunnuwa. Baba, da ke bakin ƙofa yana gaisawa da baƙin farko, ya ɗago ya dubi ɗakin sauti, sannan ya dubi agogonsa.

Auta ta san wannan kallon tun tana 'yar firamare.

"Dalmar da ta riƙe soket ɗin daga ciki ce ta saki," in ji Injiniya. "Sai an kwance na'urar an liƙe, kuma ba lokaci. Akwai ƙofa ta uku da nake ajiye wa lasifikar kan dandamali, yau ba mawaƙa, ba a buƙatarta. Zan bi da hagu ta can. Haska mini nan."

Ta kunna fitilar wayarta ta durƙusa kusa da shi, wannan karon ta damansa. Ya mayar da wayar dama gurbinta, ya cusa ta hagu a sabuwar ƙofa, ya tashi ya shiga murɗa wani layin maɓallai ɗaya bayan ɗaya, yana tura kowane makirfo ta sabuwar hanyar.

"Me na yi maka?" ta ce.

Wannan karon ya ji. Hannunsa ya tsaya.

"Ba ki yi mini komai ba."

"To Baba ne ya kira ka? Ko Gwaggo ce ta faɗa maka magana? In sun kore ka ne ka gaya mini, in san da wa nake faɗa. Kullum sai an zaunar da ni a falo, ana ce mini wanda nake kare wa ma ya gudu. Ni kaɗai nake tsaye, Injiniya. Ni kaɗai."

"Manaja, bari mu gama wannan."

"Wata ce?"

"Subhanallahi. Wace wata?"

"To mene ne? Kwana tara!"

Hawayen da take ta dannewa suka zubo. Ta share da gefen mayafi, wasu suka biyo. Ya dube ta kamar zai yi magana, sai ya juya ya tura dogon maɓallin sauti sama.

Kiɗa ya cika zauren daga ɓangarorin biyu, daidai wa daida. Ɗaya daga cikin masu furanni ta ɗago hannu tana murmushi.

"Ta dawo," Auta ta ce tana jan hanci.

Ya ɗauki hedifon ya kifa a kunnuwansa don ya tabbatar. Ya saurara. Ya ɓata fuska.

"A'a. Hagu a mace take har yanzu."

"Ga ta can tana magana."

"Babu komai a hagu, ina ji ai. Ashe ba ƙofar ba ce kaɗai, matsalar daga ciki take." Ya fara magana da sauri, gumi yana tsattsafo masa a goshi. "Amma fitilu suna motsi. In fitilu suna motsi bai kamata… Sai dai in hedifon ɗin ne. Jiya na gwada shi. Bari in zare komai in fara daga farko."

Ya kai hannu bayan na'urar. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Saura minti goma sha biyar, za ka zare me? Ba ni nan."

Ta cire hedifon ɗin daga kansa ta sa a nata. Kiɗa a dama, kiɗa a hagu, tas. Ta cire ta juya shi tana dubawa, ta rasa gane kan abin. Ita ce ta ruɗe ko shi? Sai ta tuna abin da ya yi da wayoyi ɗazu. Ta juya hedifon ɗin, ɓangaren dama ya koma hagu, ta miƙa hannu ta kifa masa.

"Yanzu wanne ne shiru?"

Ya rufe ido. Sannan ya ɗaga yatsa a hankali ya taɓa kunnensa na hagu.

Auta ta ja da baya har ta bugi bango.

Gaisuwar Gwaggo a matakala. Maganar ita kanta a bakin ƙofa. Duk ta hagu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe?"

Ya zauna a bakin tebur, ya ajiye hedifon a cinyarsa.

"Ranar Talatar waccan na tashi da safe na ji kamar an cusa mini auduga, sai wani kuka siriri a ciki. Na zaci ruwan wanka ne. Da na je asibiti suka ce jijiyar ji ce, haka take yi wani lokaci, ba dalili. Wai tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Jiya na ɗan fara ji kaɗan, har na yi murna. Yau tun safe ban san wanda ya lalace ba, ni ne ko na'urar."

"Shi ne ka ɓoye mini?"

"In ce miki me? Da kunnen nan nake ci, Manaja. Shi ne gonata, shi ne shagona. Mahaifinki wata biyar yana auna mai sauti mai kunne biyu bai gamsu ba, sai in je masa da ɗaya? Na ce bari in ga ko zai dawo. In bai dawo ba in janye a hankali, ki samu wanda…"

"Wanda me? Ƙarasa mana!"

"Wanda ba za ki riƙa zagayowa dama kafin ki yi masa magana ba."

"Kai ka yanke mini wannan? Kai kaɗai ka zauna ka yanke?" Ta matso gabansa. "Kwana tara ina zargin kaina, ina zarginka, har wata na ƙirƙiro maka na tsane ta. Zagayowa dama wani aiki ne? Taku nawa ne?"

Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suka motsa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe.

Dakta ne, cikin fararen kaya masu guga, makullin mota a hannunsa. Auta ta yi saurin goge fuska. Ta tabbata Gwaggo ce ta turo shi, ta shirya masa amsa mai zafi. Amma ko kallonta bai yi ba. Ya zagaya ya tsaya ta daman Injiniya, kamar wanda ya san inda ya kamata ya tsaya.

"Malam, ƙarfe uku aka ba ka. Abokin aikina ya kira ni yanzu, ya ce ba ka je ba."

Auta ta dubi wannan ta dubi wancan. "Kun san juna a asibiti? Dakta, ka sani?"

"Ofishina yana kallon na likitan kunne. Na gan shi a layi ranar farko."

"Ka gaya wa Gwaggo?"

"Ban gaya wa kowa ba. Ba maganata ba ce." Ya koma kan Injiniya. "Allura uku aka rubuta maka, ka yi biyu. Irin wannan ciwon kwanaki ake ƙirga masa, na faɗa maka, shi ma ya faɗa maka. Ƙarfe biyar zai tashi, gobe kuma zai yi tafiya ta mako biyu. Motata tana waje."

"Ba zan bar taron Baba ba," in ji Injiniya. "In sauti ya ɗauke yana tsakiyar jawabi…"

"Saboda taron nan ka ƙi zuwa?" Auta ta katse shi. "Ka ajiye kunnenka saboda jawabi?"

"Wa zai zauna a nan?"

Ta dubi miksar. Maɓallai sun fi ɗari, ja da shuɗi da fari. Shekara uku tana ganinta, ba ta taɓa taɓa komai a jikinta ba sai ƙura.

"Nuna mini."

"Manaja…"

"Saura minti bakwai. Nuna mini, ko in sauka in gaya wa Baba komai yanzu a gaban baƙinsa."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a idonta. Ya yago farin salatif ya liƙa a ƙasan dogayen maɓallai uku, ya rubuta da biro: Baba, mai gabatarwa, baƙi.

"Wanda zai yi magana ki tura nasa sama zuwa wannan layin, in ya gama ki sauke. Kada ki bar biyu a buɗe. In kin ji kuka siriri ya fara tashi, ki ja baya kaɗan, kada ki firgita. Fitilu in sun kai ja, ya yi yawa. Wayar bayan nan kuma ko da wasa kada ki taɓa."

"Na ji. Tafi."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Me kika ce mini ɗazu da kika shigo? Ban ji ba."

Ta dubi Dakta, wanda ya kawar da kai yana wasa da makulli.

"In ka dawo zan maimaita. Ta dama."

Injiniya ya sauka. Dakta ya ɗan tsaya.

"Dakta," ta ce, "ban gane ba. Me ya sa?"

"Ni ma ban gama ganewa ba." Ya yi wani guntun murmushi da bai kai ido ba. "Amma kada ki ɗauka na janye. Asabar tana nan. Ba na so ne a ce na samu don wani ya kurmance."

Ya bi bayansa. Ta taga ta hango su suna fita ta ƙofar gefe, mai neman aurenta da wanda take so, kafaɗa da kafaɗa. Ta hango Gwaggo ma a layin gaba, ta juyo tana binsu da kallo baki buɗe.

Zauren ya cika. Mai gabatarwa ya hau dandamali, Auta ta tura maɓallinsa, muryarsa ta fito. Ya yi maraba, ya jero sunaye, ya yi barkwancin da aka yi dariya. Sau ɗaya siririn kukan ya fara tasowa, ta ja baya kaɗan, ya kwanta. Sai ya gayyaci Baba.

Aka miƙe ana tafi. Baba ya hau a hankali, ya gyara tabarau, ya buɗe takardarsa. Ta sauke na mai gabatarwa ta tura nasa. Ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa sau biyu, ƙarar ta amsa daga hagu da dama.

Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin sauti, kamar yadda ya saba yi don ya gyaɗa wa Injiniya kai. Ya ga 'yarsa, ita kaɗai, hedifon a kan mayafi, idanu jajur.

Bai rufe makirfon da hannu ba. Baba bai taɓa iya raɗa ba, shekara talatin yana magana da aji.

"Auta? Ina mai sautin?"

Kawuna ɗari uku suka juyo baya.

Akwai ɗan makirfo mai lanƙwasa a gefen miksar, wanda Injiniya ke cewa "gwaji, gwaji" da shi. Tana iya ɗaga hannu kawai ta nuna komai lafiya. Tana iya cewa ya ɗan fita. Ta danna maɓallin da ke gindinsa.

"Ya tafi asibiti, Baba. Ni na ce ya tafi." Muryarta ta cika zauren har ita kanta ta tsorata. "Ni ce a madadinsa. Yau da duk ranar da ya buƙata."

Wani ya yi tari. Gwaggo ta dafe ƙirji ta fara miƙewa, matar da ke kusa da ita ta jawo ta ta zaunar.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe yana kallonta, kuma daga wannan nisan ta kasa karanta fuskarsa, fushi ne ko wani abu dabam.

"In an tashi," ya ce, "ki same ni a ofis. Ke kaɗai. Ban da gwaggonki."

Ya sunkuya kan takardarsa ya yi sallama ga jama'a.

Auta ta ɗora yatsa a kan maɓallin da aka rubuta wa Baba, ta riƙe shi daidai kan layi. Jawabin shafi shida ne, ita ta buga masa shi jiya.